Ƙafar injin shara mai tuƙa kansa ta samu matsala: roba za a sauya, sabuwar ƙafa za a saya, ko mai gyara za a kai wa?

Injin shara mai tuƙa kansa, wannan zagayayye kamar faifai da ke bin ɗaki yana zuƙe ƙura, ya daina zama abin kallo a wasu gidajen Katsina da Daura. Wani tsarabar Umara aka kawo masa, wata a cikin kayan ɗaki ta same shi, wani kuma oda ya yi daga Sin. Ana jin daɗinsa har ranar da ya fara kewaya wuri ɗaya, ko ya riƙa ja gefe guda, ko ya tsaya a dokin ƙofa yana gurnani ya kasa hayewa. A ranar ne mai shi zai gane cewa da wuya ya sami shago a IBB Way ko Ƙofar Ƙaura da ke ajiye ƙafar irin wannan inji.

Hanyoyi biyar ne a gabanka, Malam ko Hajiya: ka sauya robar tayar kawai, ka sayi ƙafa sukutum ta kamfanin da ya ƙera injin, ka sayi ƙafa sukutum ta wasu masana'antu da suke kwaikwayo, ka nemi ta hannu da aka kwance daga mataccen inji, ko ka kai wa mai gyara ya buɗe ta ya gyara cikinta. Babu wadda ta dace da kowa. Amma akwai wadda take cin kuɗin mutum a banza idan bai san abin da ya lalace ba.

Ma'aunin da za mu bi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin kayan kaɗai ba. Sai ka haɗa da kuɗin aikowa daga waje, da na direban da zai kawo saƙon daga Kano ko Legas, da ladan mai ɗaurawa. Farashin waɗannan kaya dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin wannan wata ba ya kaiwa wata mai zuwa, don haka gwada su da juna ya fi amfani: wanne ya fi wanne tsada, kuma jimillar nawa ce idan aka ɗora ta a kan kuɗin sabon inji irin naka.

Na biyu ƙarko, kuma ƙarko a irin wurinmu. Ba a yi waɗannan injina da lissafin ƙurar hunturu da rairayin da ke biyo takalmi daga tsakar gida ba, balle zafin bazara da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ƙafar da za ta yi shekaru a wani gida a Ingila tana iya gajiya da wuri a nan.

Na uku sauƙin aiki: shin da sukundireba ɗaya za ka gama a falonka, ko sai an zo ga dalma da mitar gwajin wuta? Na huɗu kasada, wato yiwuwar ka sayo abin da bai dace da injinka ba, ko gyaran ya jawo lalacewar fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, wanda yana cikin sassansa mafi tsada. Na biyar jira: yau za a samu, ko sai bayan makonni?

Abin da ke cikin ƙafar

Wanda bai taɓa kifa injin ya duba ba zai ɗauka taya ce kawai. Ba haka ba ne. Manyan ƙafafun biyu, ta hagu da ta dama, kowacce ƙaramin inji ce mai zaman kanta a cikin akwatin roba. A ciki akwai ɗan moto, da jerin giyoyi masu haƙora, yawancinsu na roba mai tauri, waɗanda ke rage gudun moton su ƙara masa ƙarfi. Akwai sifirin da ke danna tayar ƙasa, da ɗan makunni da ke sanar da injin cewa an ɗaga shi ko ƙafarsa ta faɗa rami. Sai sansa mai ƙirga juyawar moton, a wasu da maganaɗisu take aiki, a wasu tsofaffi da haske. Da wannan ƙirge ne injin yake sanin nisan da ya yi da kwanar da ya sha. Injin ba shi da sitiyari: idan zai juya, ƙafa ɗaya ce take rage gudu ko ta koma baya. Shi ya sa da zarar ɗaya ta gaza, sai ka ga yana zagaye.

Ƙaramar tayar gaba ba ta cikin wannan magana. Ba ta da moto, a yawancin injina fizgo ta ake yi da hannu a tsaftace a mayar.

Kafin ka kashe ko kobo

A nan zan daɗe, domin a nan ne kuɗi suke tsira ko su salwanta. Kashe injin, ka kifa shi a kan darduma ko tawul. Danna kowace ƙafa ciki ka saki. Dole su biyun su dawo da ƙarfi iri ɗaya. Idan ɗaya ta yi laƙwas, sifirin ne ya zame ko ya tsinke, kuma wannan ƙaramin gyara ne.

Sannan ka juya kowace taya da hannu a hankali. Lafiyayyar ƙafa tana ɗan turjewa, tana wani siririn kuka na giya, kuma ta hagu da ta dama nauyinsu ɗaya. Idan ɗaya tana juyawa sakayau babu turjiya, haƙoran wata giya sun cinye ko ƙaramar giyar da ke bakin moton ta tsage. Idan tana ƙas-ƙas a wuri ɗaya duk zagaye, haƙori ya karye ko tsakuwa ta shiga. Idan ta cije gaba ɗaya, kada ka tilasta mata. Ka haska tocila a gefen tayar tukuna. Sau da yawa za ka tarar da gashi, da zaren kitso, da zaren gefen darduma sun nannaɗe a jikin sandar tayar sun haɗu da ƙura sun zama dunƙule. Reza da ɗan hantsaki sun isa wannan aiki, kuma ba ka sayi komai ba.

Ka saurari abin da injin yake faɗa da bakinsa. A injinan kamfanin Roborock, kuskure mai lamba 7 yana nufin ƙafa ta cije, mai lamba 3 kuma ƙafa tana reto ba ta taɓa ƙasa. A injinan Roomba na kamfanin iRobot, jerin 600, lamba 5 tana nuni ga ƙafar gefe da ta maƙale. Littafin da ya zo da injin ko manhajarsa a waya za su fassara maka na sauran.

Akwai kuma cututtukan da suke kama da na ƙafa alhali ba nata ba ne. Bambar gaba idan ta maƙale a gefe ɗaya saboda rairayi, injin zai ɗauka ya ci karo da bango, sai ya yi ta ja da baya yana juyawa. Sansar da ke ƙarƙashinsa don gane bakin bene idan ƙura ta rufe ta, ko aka ɗora shi a kan baƙin kafet mai shanye haske, zai ƙi gaba. Batir da ya tsufa yana sa injin ya kasa hawa inda yake hawa a da. Goge sansa da busasshen ƙyalle, ka bubbuga bambar ka ga tana shiga tana fitowa, kafin ka ɗora wa ƙafa laifi.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani tun yanzu: moton da ya cije yana jan wuta fiye da kima, kuma wani lokaci yakan ƙona ɓangaren fanel da ke ba shi wuta. Idan haka ta faru, ko sabuwar ƙafa ka sa ba za ta motsa ba. Alamar ita ce tayar tana juyawa lafiya da hannu, amma da an kunna injin ba ta ko yunƙuri. Irin wannan, mai mita ya kamata ya fara gani kafin a yi oda.

Zaɓi na ɗaya: sauya robar tayar kawai

Wannan na wanda motonsa da giyarsa lafiya lau suke, amma zanen tayar ya shafe. Za ka gane da ido: robar ta yi sumul, ko ta tsattsage, ko ta saki tana zamewa a jikin tayar. Injin yana santsi a kan tayil, musamman injinan da ke goge ƙasa da ruwa, yana kasa hawa dokin ƙofa ko bakin kafet, alhali yawancin irin waɗannan injina an yi su ne su haye tudun da bai wuce kusan santimita 2 ba. Rairayi a kan tayil yana cin roba sannu a hankali, zafi kuma yana busar da ita, don haka a gidajenmu wannan matsala ba baƙuwa ba ce.

Shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma robar ba ta da nauyi, ana iya sako ta a ambulan. Aikin ma ba wuya: a ɓare tsohuwar, a kankare ragowar, a goge, a ɗora sabuwa. Wasu a matse suke shiga, wasu sai da gam. Ka sauya biyun tare ko da ɗaya ce ta lalace. Idan taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta kauri, duk juyi ɗaya za ta fi ta nisa, sai injin ya riƙa karkata. Kuma kada gam ya tsiyaya cikin akwatin giya.

Rauninsa shi ne ƙarko ya dogara da ingancin robar da gam ɗin. Wasu masu sayarwa robarsu takan ɗago bayan ɗan lokaci. Na ga masu yanka tsohon tib na keke su naɗa. Yana ɗan tsayar da santsi na kwanaki, amma kaurinsa ba ya zama daidai, kuma ban ba da shawararsa ga injin da ke zana taswirar gida ba.

Zaɓi na biyu: ƙafa sukutum ta kamfanin asali

Kamfanin iRobot, wanda aka kafa a Amurka kuma ya fito da Roomba a 2002, ya yi wani abu mai kyau tun daga jerin 500 da ya fitar a 2007: ya mayar da cikin injin gunduwa-gunduwa, kowane sashe ana ciro shi shi kaɗai. A waɗannan injina, za ka cire buroshin gefe, ka kwance murfin ƙasa, ka ɗauke batir, sannan ka sassauta sukuru uku da ke riƙe da ƙafar ka ɗago ta. Ba waya, ba dalma. Tana da baki da ke zama kai tsaye a mazauninsa. Injinan Roborock, kamfanin da aka kafa a Beijing a 2014, su ma ta ƙasa ake ciro ƙafarsu a samfura da yawa. Wasu injina masu araha kuwa sai an cire bamba an buɗe murfin sama an zare soket daga fanel, a nan ne ake tsinka siraran wayoyi idan hannu bai saba ba. Shafin intanet na iFixit, mai koyar da gyaran kayan lantarki, da bidiyoyin YouTube suna nuna matakan samfura da dama. Ka kalli na injinka kafin ka taɓa sukuru.

Ƙafar asali ita ce ta fi ƙarko, kuma ita ce mafi ƙarancin kasada, domin moto da giya da sansa duk daidai suke da abin da fanel yake tsammani. Idan injinka mai tsada ne, irin mai hasumiya a ka da ke auna ɗaki da haske yana zana taswira, wannan daidaito yana da muhimmanci.

Matsalarta tsada da samuwa. Sau da yawa sai an sayo ta daga waje, kuma kuɗin aikowa yana iya kamo kuɗin kayan. Hanya mafi sauƙi ga mutanenmu ita ce ɗan'uwa ko aboki da zai dawo daga Ingila, Amurka ko Dubai ya riƙo maka. Ƙafar ba ta da batir a jikinta, don haka ba ta da wahalar shiga jirgi. Ka kula kuma, ba duk abin da aka rubuta wa orijina a kasuwar intanet ne orijina ba. Idan injin yana cikin garanti, kada ka kwance komai sai ka ji daga wanda ya sayar maka.

Zaɓi na uku: ƙafa sukutum ta masu kwaikwayo

A ganina nan ne mafi yawan mutane za su sauka, kuma ba laifi ba ne. Masana'antu a Sin suna yin ƙafafun da suka dace da fitattun samfuran Roomba, Roborock, Xiaomi, Ecovacs da Eufy, ana samunsu a AliExpress, wani lokaci a Jumia ko Jiji, ko ta hannun masu yi wa mutane oda. Kuɗinsu yana ƙasa da na asali, ɗaurawa kuma iri ɗaya ce, tunda a mazauni ɗaya suke zama.

Amma nan ne kuma aka fi yin kuskuren saye, don haka ga abin da za ka kiyaye. Ka kifa injin ka karanta cikakkiyar lambar samfurin a takardar da ke manne a ƙasa, kada ka dogara da sunan da ke jikin kwali. Kamfani ɗaya yana da zuri'o'i da ƙafafunsu ba sa shiga juna. Ka tabbata ko ta hagu ce ko ta dama, domin ba sa musanya. Za ka ga harafin L ko R a jiki. Kuma hagu da dama ana lissafa su ne yadda injin yake tafiya, ba yadda kake ganinsa a kife ba. Mafi kyau, ka ciro tsohuwar ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, musamman bakin da ke haɗuwa da fanel, ka ƙirga haƙoran soket ɗin, ka tura wa mai sayarwa ya tabbatar kafin ka biya.

Ƙarkonta yana hawa yana sauka. Akwai masu kyau da za su yi maka aiki ba ka ji bambanci ba, akwai masu ƙara, masu giya mai laushi da roba mai saurin cinyewa. Ka nemi mai sayarwa da mutane da yawa suka saya a wurinsa suka sa hotunan abin da ya iso musu, ka guji wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa.

Tambayar da ake yawan yi: ɗaya zan saya ko biyu? Idan injin ya kwana biyu yana aiki, ka sayi biyun. Tare suka yi tafiyar, wadda ta rage ma tana kan hanya, kuma sabuwar taya a gefe ɗaya da shafaffiya a ɗaya gefen suna sa karkata. Ga kuma kuɗin aikowa da jiran makonni da za ka sake yi idan ta biyun ta mutu daga baya. Idan injin sabo ne kuma hatsari ne ya karya ƙafa ɗaya, kamar faɗowa daga bene ko yaro ya hau kai, ɗaya ta isa.

Da ta iso, kafin ka ɗaura, ka juya ta da hannu ka danna sifirin kamar yadda ka gwada tsohuwar. Ka cire batir kafin ka fara aiki, ka ajiye sukurori a murfin kwalba bisa tsarin da ka kwance su, kuma kada ka ɗaure su da ƙarfin tsiya, mazauninsu roba ne.

Zaɓi na huɗu: ta hannu daga mataccen inji

Injin da batirinsa ko fanel ɗinsa ya mutu sau da yawa ƙafafunsa lafiya suke, kuma na asali ne. A wurin masu kayan lantarki na gwanjo a Kano, ko kasuwar Alaba a Legas, akan ci karo da irinsu. Idan ka dace, ka sami ƙafar asali da kuɗi kaɗan ba tare da jiran jirgi ba.

Sai dai ba ka san tafiyar da ta riga ta yi ba. Kabon da ke cikin moton yana cinyewa da aiki, kuma ba a ganinsa daga waje. Sharaɗina ɗaya ne: ka tafi da injinka, a ɗaura a gabanka, ka ga ya yi tafiya miƙe ya juya hagu da dama. Saye ta waya a sako maka a mota cinikin biri a sama ne.

Zaɓi na biyar: a buɗe ƙafar a gyara cikinta

Muna da masu hannu. Mai gyaran rediyo da talabijin, ko yaran da ke gyaran waya, irin waɗanda suka koyo aiki a Farm Centre ta Kano, da yawansu za su iya buɗe akwatin giya su wanke rairayi, su sa sabon giris, su like wayar da ta tsinke, su mayar da sifirin. Idan matsalar datti ce ko waya, wannan gyara ne na gaskiya, mai araha, kuma a yini ɗaya. Su ne kuma za su iya gwada moton da wuta kaɗan su gaya maka ko ƙafar ce ko fanel, abin da kai ba za ka iya ganewa a gida ba. Ko don wannan kaɗai, zuwa wurinsu ba asara ba ne.

Inda nake jin tsoro shi ne giya da moto. Giyar da haƙoranta suka cinye ba ta gyaruwa da gam; za ta riƙe na ɗan lokaci ta sake sakewa. Moto kuma ba kowane mai kama da shi ne zai yi ba. Za a iya samun mai girmansa a tsohuwar firinta ko motar wasan yara, amma gudunsa daban, kuma a samfura da yawa sansar ƙirge a bayan moton take. Idan aka sa wanda bai dace ba, ko dai injin ya riƙa karkata, ko ya ja wutar da za ta ƙona fanel. Ka roƙi mai gyaran, da girmamawa, cewa idan ya ga moto ko giya ce ta mutu ya dakata ya sanar da kai.

Ka kuma faɗa masa tun farko kada a wanke cikin da fetur ko kananzir, kada a zuba baƙin mai. Suna lalata roba, kuma mai mai ruwa yana kama ƙura ya zama taɓo. Giris na silikon ɗan kaɗan shi ne daidai.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Kasada | Jira |
|---|---|---|---|---|---|
| Robar taya kawai | Mafi araha | Matsakaici | Mai sauƙi | Kaɗan | Makonni idan oda ce |
| Ƙafar kamfanin asali | Mafi tsada | Mafi kyau | Mai sauƙi a yawancin samfura | Kaɗan ƙwarai | Mai tsawo |
| Ƙafar masu kwaikwayo | Matsakaici | Ya danganta da mai sayarwa | Daidai da ta asali | Sayen wadda ba ta dace ba | Makonni |
| Ta hannu | Araha | Ba tabbas | Mai sauƙi | Babba idan ba a gwada ba | Sai an dace |
| Gyaran ciki | Araha | Mai kyau ga datti da waya, rauni ga giya | Sai gwani | Tana iya taɓa fanel | Yini ɗaya ko biyu |

Wanne ya dace da wa

Idan tayar tana juyawa lafiya da hannu, santsi kawai injin yake yi, robar taya biyu ta ishe ka. Kada wani ya sa ka sayi ƙafa.

Idan ƙafar ta cije ko tana ƙara bayan hunturu, kuma ka cire gashi da zare ba ta saki ba, fara da mai gyara ya wanke ya sa giris. A Katsina da Daura wannan ne ya fi kusa da hannu, kuma ko bai warke ba za ka fito da sanin ainihin abin da ya mutu.

Idan giya ta cinye ko moto ya mutu, kuma injin matsakaici ne wanda ya fita daga garanti, sayi ƙafafu biyu na masu kwaikwayo bisa lambar samfurin. Wannan ne zan zaɓa wa yawancin gidaje.

Idan injin mai tsada ne mai zana taswira, ko gidan babba ne ana aiki da shi kullum, ko kuwa an saya shi ne don wata dattijuwa da sunkuyon shara yake wahalar da bayanta kuma ba a son ya riƙa tsayawa, ka daure ka nemi ta asali. Kana iya sa ta hannu ta riƙe ka kafin ta iso.

Idan samfurin tsoho ne ko marar suna, wanda ba a samun kayansa a ko'ina, ta hannu ko gyaran ciki su ne kawai suka rage, sai a yi su da sharuɗɗan da na ambata.

Akwai kuma wanda bai kamata ya sayi ko ɗaya ba. Idan bayan ƙafar batirin ma ya daina riƙe caji, buroshi ya cinye, zuƙar ta yi rauni, ka zauna ka haɗa lissafin duka. A nawa ma'aunin, da jimillar ta kai rabin kuɗin sabon inji irinsa, gara a tara a sayi sabo, kuma a wannan karon a zaɓi samfurin da ake samun ƙafafunsa da buroshinsa a kasuwa. Tsohon kuma kada a jefar: lafiyayyar ƙafarsa ɗaya da cajarsa da akwatin ƙurarsa suna da masu nema, batirin kuwa a cire shi a ajiye daban, nesa da rana da wuta.